Tsuntsun Kito da Buhun Gawayi

A bayan birnin Kito, hedikwatar ƙasar Ekwado, akwai wani dutse mai aman wuta da ake kira Pichincha. Birnin kansa a sama yake, mita 2,850 daga doron teku, shi kuwa dutsen ya haura mita 4,700. Wanda ya zagaya ta gefensa na arewa maso yamma, inda iskar tekun Pasifik ke haurowa da danshi, zai shiga wani kurmi da gajimare ke wuni yake kwana a cikinsa. Itatuwan gajeru ne, gansakuka ta lulluɓe rassansu, ko'ina ɗigar ruwa yake ko da ba a yi ruwan sama ba. A nan wani ɗan tsuntsu yake zaune, tsawonsa bai wuce santimita 9 ba, nauyinsa giram 4 da 'yan kai, kamar dai ƙwayar sukarin kwali guda. Mutanen ƙasar suna kiransa samarito mai baƙin ƙirji. Sunan daga wani wando ne na fata mai gashi, samaro, wanda makiyayan tsaunukan Andis ke sakawa in za su hau doki, domin tsuntsun yana da farin gashi buzu-buzu a ƙafafunsa sai ka ce auduga aka ɗaura masa. Namijin baƙi ne mai sheƙin kore, da ɗan shuɗi mai walƙiya a maƙogwaro. Masana sun fara bayyana shi a 1852, suna kuma kiransa Eriocnemis nigrivestis.

Daga dangin kolibri yake, waɗannan ƙananan tsuntsaye masu tsayawa cak a iska suna tsotsar ruwan fure. Babu su a ko'ina sai nahiyar Amurka, ta kudu da ta arewa, kuma a Ekwado kaɗai akwai fiye da iri 130. Sha-kaucinmu ya yi kama da su a ƙyalli da abinci, amma ba danginsu ɗaya ba. Rayuwar kolibri duk a kan gaggawa take. In yana tashi zuciyarsa kan buga fiye da sau 1,000 a minti guda, saboda haka ba ya iya yin nisa da fure; 'yan sa'o'i ba abinci sun isa su kai shi ƙasa. Da dare, a kan tsauni inda sanyi ke ratsa ƙashi, da yawansu kan saki jiki su yi kamar sun mutu don kada abin da suka ci da rana ya ƙone kafin gari ya waye. An auna wani ɗan'uwansa a tsaunukan Peru aka ga zafin jikinsa ya sauko har digiri 3 da ɗan ɗoriya, da hantsi ya yi kuma ya farfaɗo ya tashi. Duk lokacin da na tuna wannan sai in yi tasbihi.

Ƙiyasin da aka fi ambata na yawan samarito a duniya baki ɗaya bai kai 300 ba. Da can ba haka abin yake ba, domin a gidajen adana kayan tarihi akwai fatunsa fiye da 100 da aka tara a zamanin da, kuma ba a tara wannan adadi daga tsuntsun da ke da wuyar gani. Kurmin da ya saba zama a ciki, fiye da kashi 90 cikin 100 an sare shi ko an lalata shi. Shekara da shekaru sunansa yana rukunin waɗanda ke dab da ƙarewa a Jan Kundin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, kundin da duniya ke dubawa in ana son sanin halin da wata halitta ke ciki. A 'yan shekarun nan aka sauko da shi mataki ɗaya, zuwa rukunin waɗanda ke cikin haɗari.

Wannan saukowa ita ta sa na ɗauki alƙalami, saboda na san yadda ake karanta irin wannan labari. Mai ba da tallafi zai ce to, an samu sauƙi, bari mu kai kuɗin wani wuri. Ɗan siyasa zai ce ga shaidar aikinmu. Alhali kundin lissafi yake yi da ma'auni: guda nawa suka rage, faɗin wurin da suke, a wuri nawa aka same su, da saurin raguwarsu. A 2006 an gano wasu 'yan samarito a tsaunukan Toisán, can arewa da Pichincha. Abin farin ciki ne, amma ganowar ba ta ƙyanƙyashe ko ƙwai ɗaya ba. Da ma suna nan, mu ne ba mu sani ba. Irin wannan ƙarin sani kan sauya matsayin halitta a takarda alhali a daji gatari bai huta ba. Majinyacin da aka ɗauke daga ɗakin rai kwakwai mutu kwakwai aka mayar da shi babban ɗakin kwanciya, ba wanda ke cewa a kai masa kayansa gida an sallame shi. Ni a wurina tambayar da ta fi matsayinsa a kundi muhimmanci ita ce: gangaren da yake zaune a kai na wane ne, kuma wa ke biyan mai shi don ya bar itatuwan a tsaye?

Abubuwan da ke cin kurmin ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe. Gawayi, kiwon shanu, da noman dankalin Turawa. Wani abin takaici shi ne samarito ya fi son ƙananan itatuwan da ke kan doron tudu, su kuwa waɗannan doraye su ne ɗan wurin da ke da shimfiɗa a ƙasar da duk gangare ce. Inda tsuntsu ya fi so nan manomi ma ya fi so. Ana fara sare itacen a turara shi a rami ya zama gawayi, kuɗin farko ke nan. Sai a shuka dankali shekara biyu ko uku, ƙasa ta gaji, a watsa ciyawa a saki shanu. Daga nan kurmi ba ya dawowa da kansa, don duk tsiron da ya leƙo kofato ko baki zai gama da shi. Sannan ga manyan ayyuka: bututun ɗanyen mai na OCP da aka kammala a 2003 ya ratsa kurmin yankin Mindo da ke arewa maso yamma da Kito, duk da zanga-zangar da aka yi a lokacin, kuma duk inda hanya ta shiga, mai gatari yana biye.

Akwai masu ɗora laifin a kan talakan ƙauye, su ce jahilci ne ke sa shi sare daji. Ban yarda da su ba ko kaɗan. Mai yin gawayi ya fi masu zaginsa sanin kurmin, ya san wane itace ke ba da garwashi mai daɗewa, ya san wace ƙorama ce ta kafe tun da aka sare tudun da ke samanta. Abin da ke gabansa kuɗin makaranta ne da na magani, itace kuma shi ne abin da zai iya mayarwa kuɗi a cikin mako guda. Buhun da ya cika kuwa ba a bukkarsa zai ƙare ba. A Ekwado gwamnati ta daɗe tana tallafa wa iskar gas ta girki, har tukunya mai kilo 15 ta yi shekaru ana sayar da ita dala 1 da santi 60 a farashin hukuma, kuma mafi yawan gidajen ƙasar da gas suke girki. Gawayin yana bin mota ne zuwa gari, inda masu gashin nama da kaza ke jiransa. Wanda ya ci gasasshen nama a birni yana da hannu a saran, ko da bai taɓa riƙe gatari ba.

Akwai kuma masu cewa, mutane na fama da yunwa za a zo mana da zancen tsuntsu? Wannan magana na fi jin nauyinta, don ni ma in aka ce in zaɓa tsakanin yaro da tsuntsu ba zan yi dogon tunani ba. Sai dai a kan Pichincha ba wannan ne zaɓin ba. Kurmin gajimare soso ne. Ganye da gansakuka suna tatsar ruwa daga gajimaren da ke wucewa, ya ɗiga ƙasa, ƙasa ta riƙe ta riƙa saki a hankali har cikin rani. In aka sare shi, gajimaren zai wuce abinsa, ruwan saman da ya sauka kuma ya kwaranye lokaci guda ya tafi da ƙasar. Wani ɓangare na ruwan da Kito ke sha daga gangaren wannan dutse yake fitowa, kuma mutanen Kito sun haura miliyan 2. Su kansu itatuwan da yawansu ba sa yin 'ya'ya sai kolibri ya ɗauki garin fure daga wannan ya kai wa wancan. Idan samarito ya fara ƙaranci, to kurmin ne ke ba da sanarwa, famfon gida kuma shi zai ji daga baya.

Don haka ra'ayina a sarari yake. Birnin da ke shan ruwan dutsen shi ya kamata ya biya kuɗin barin kurmin, ba talakan da Allah Ya ajiye a gindinsa ba. A ce wa mutum kada ka sare, kada ka yi kiwo, kada ka yi noma, sannan a juya a koma gari a buɗe famfo, wannan zalunci ne ko da an kira shi da suna mai daɗi. An ɗora wa mafi rauni harajin da kowa ke cin moriyarsa. Dokar da aka gina a kan haka ba ta daɗewa. Da rana a bi ta, da dare hayaƙi ya tashi daga rami.

Mutanen Kito, in za a faɗi gaskiya, sun riga da yawa gane wannan. A shekarar 2000 suka kafa wani asusu, FONAG, wanda hukumar ruwan birnin ke zuba wa wani ɗan kaso na kuɗin da take karɓa, ana amfani da shi wajen kare wuraren da ruwan ke fitowa: ɗaukar masu gadin daji daga cikin mutanen wurin, dasa itatuwa, da yarjejeniya da masu filaye. Birane da dama a Latin Amurka sun kwaikwayi tsarin. Abin da ya burge ni a ciki shi ne bai dogara da tausayin wani baƙo daga Turai ba. Tallafin waje yakan zo da shekara uku ya tafi, shi kuwa kuɗin ruwa duk wata ake biya.

Hanya ta biyu ita ce sayen ƙasar ɗungurungum. Gidauniyar Jocotoco, wadda aka kafa a 1998 bayan gano wani sabon tsuntsu a kudancin ƙasar, ta sayi fili a Yanacocha, a jikin dutsen Pichincha, a 2001 musamman saboda samarito, kuma wurin ya kai hekta 1,000 ko fiye. Ba na cikin masu raina wannan aiki. Da ba a saya ba, da wataƙila yanzu labarin da muke yi na tarihi ne. A 2005 majalisar birnin Kito ta ayyana samarito a matsayin tsuntsun tambarin birnin, wanda ya sa yaran makaranta suka san sunansa. Amma shinge yana da iyaka, tsuntsu kuma bai san shi ba. Samarito yana bin fure ne, ya hau ya sauka a jikin dutsen gwargwadon lokacin da kowane tsiro ke huda, tsakanin kusan mita 2,800 da 3,500. In watan da abincinsa ke ƙasa ya zo ya tarar ƙasan ta zama makiyaya, gandun da aka killace masa a sama bai tsinana masa komai ba a wannan wata. Ga ɗumamar yanayi tana tura komai sama, alhali saman dutse ƙara tsukewa yake yi, kuma bakin kurmin na sama ya sha wuta da kiwo har ba shi da damar matsawa. Tsibirin itatuwa a tsakiyar ciyawa zai iya jinkirta mutuwa, ba zai hana ta ba.

Shi ya sa aikin da na fi ganin darajarsa shi ne wanda ba ya yin kyau a hoto. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta Aves y Conservación tana aiki da mutanen ƙauyukan yankin Nono da ke gefen Pichincha, mata da yawa a cikinsu, suna renon tsirran asali da kolibri ke sha, ana dasawa a gefen gonaki da wuraren da aka sare, don a haɗa wannan guntun kurmi da wancan. Aiki ne na haƙuri. A wannan sanyi itace ba ya saurin girma, wanda ya dasa yana iya tsufa bai ga inuwarsa ba. Amma matar da ke samun kuɗi daga renon tsiro ta zama mai gadin da ba sai an ba ta bindiga ba, kuma ɗanta ba zai tashi yana ganin tsuntsun a matsayin abin da ya hana su ci ba. Wannan shi ne abin da ya kamata kuɗin birni ya riƙa ɗauka, a kai a kai, ba sai an jira wata gidauniya ta tuna ba.

Sai batun ma'adinai, wanda ya fi kowanne hayaniya. Ƙarƙashin waɗannan tsaunuka akwai tagulla da zinariya, har da yankin Toisán inda ragowar samarito suke. Ekwado ita ce ƙasa ta farko da ta rubuta haƙƙin halittu a kundin tsarin mulkinta, a 2008, kuma a ƙarshen 2021 kotun tsarin mulki ta yi amfani da wannan ta hana haƙar ma'adinai a kurmin Los Cedros. Ranar 20 ga Agusta 2023 kuma mazauna Kito suka kaɗa ƙuri'ar raba-gardama, kusan kashi 68 cikin 100 suka ce a hana haƙar ma'adinai a yankin Chocó Andino, kurmin da ke arewa maso yamma da birnin, wanda hukumar UNESCO ta riga ta sa a jerin wuraren da take karewa tun 2018. Na ji daɗin sakamakon, kuma da ina da ƙuri'a da haka zan kaɗa. Masu adawa ba mahaukata ba ne: ƙasar da dalar Amurka take mu'amala tun 2000, ba ta iya buga kuɗinta, dole ta sayar da wani abu a waje, kuma saurayin da ba shi da aiki ba ya cin kyan kurmi. Duk da haka ramin ma'adinai shekara talatin ne ya ƙare, ƙoramar da ya gurɓata kuwa jikoki ne za su gaje ta. Inda nake da ƙorafi shi ne ƙuri'ar ta yi wa ɗan birni araha. Ya ce a'a ga kamfani, bai fitar da ko sisi ba, ya koma gida yana jin ya ceci daji. Mutumin ƙauyen da aka rufe wa wannan ƙofa, wace aka buɗe masa? In ba a amsa wannan ba, gawayi zai ci gaba da yin a hankali abin da aka hana injin haƙa ya yi da sauri.

Ba sai mun ƙetare teku ba kafin mu ga wannan lissafi. A kan tsaunin Mambila a jihar Taraba akwai kurmin Ngel Nyaki, ɗan guntun kurmin tsauni da ya tsira a tsakiyar ciyawa, har da birai irin cimfanzi a cikinsa, kuma abin da ke cin gefensa wuta ce da shanu. Masu bincike a wurin sun killace wasu sassa don a ga ko itace zai dawo in aka hana kofato shiga. Tun da gas da kananzir suka yi tsada, murhun gawayi ya koma gidajen da suka daɗe da rabuwa da shi, motoci kuma suna shigowa biranenmu shaƙe da buhuna. Ni ma a gidana ana hura shi. Saboda haka in na ce mai saye yana da hannu, da ni a ciki. Mun iya zagin mai sara da makiyayi, amma ban taɓa jin wani birni namu ya zauna ya ce ga abin da za mu riƙa biyan mutanen da ke zaune a inda koginmu ke fitowa ba.

A Suratul An'am, aya ta 38, Allah Ya ce babu wata dabba a bayan ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa biyu face al'ummomi ne irinmu. Na daɗe ina karanta ayar kafin kalmar al'umma ta tsaya mini a rai. Al'ummar da ba ta kai 300 ba, a ƙauye ma ƙaramar unguwa ce. Ko da kurmin bai ba da ɗigon ruwa ba, ko da ba wanda zai biya kuɗin jirgi ya je kallonsa, ban ga da wane baki za mu ce mun shafe wata al'umma daga doron ƙasa saboda gashin nama ba. Hujjar ruwa na kawo ta ne don ita ce ke shiga kunnen mai riƙe da baitulmali, amma wannan ce ke hana ni sakewa.

Samarito yana da wani ɗan'uwa na kusa, mai maƙogwaro shuɗi-kore, wanda masana ke kira Eriocnemis godini. An kama shi a 1850 a kwarin Guayllabamba, arewa da Kito, tafiyar da ba ta da nisa daga Pichincha. Tsirran asali na kwarin kusan duk an share su an yi gonaki. An sha fita nemansa ba a dace ba, kuma tun ƙarni na 19 babu wanda ya kawo tabbatacciyar shaidar ya gan shi da rai. Abin da ya rage 'yan fatu ne a aljihun tebur na gidajen tarihi, ba su ma isa a yanke gardamar da masana ke yi kan ko jinsi ne mai zaman kansa ba. Har yau sunansa yana cikin Jan Kundi, a rukunin waɗanda ke dab da ƙarewa, da ɗan ƙarin bayani a gefe cewa mai yiwuwa ya riga ya ƙare.